Sufeton da Ke Manne a Bango

Butar shayi ce ta jawo maganar. Kakana ya ɗora ta a kan gas da hantsi, ya koma falo ya zauna a kujerarsa, barci ya sace shi. Ruwan ya ƙafe, hannun roba ya narke, sai da mai shagon da ke tsallaken titi ya ji ƙauri ya zo ya yi ta dukan ƙofa. Ba abin da ya ƙone sai butar. Amma kafin yamma labari ya kai kunnen Gwaggo, kuma abin da ya kai kunnen Gwaggo ya wuce a ce a bar shi.

Gwaggo ita ce babbar 'yar Kaka, yayar Abbana. Nas ce, ta daɗe a sashen ƙashi, inda ake kwantar da tsofaffin da suka zame a banɗaki. Tun rasuwar kakarmu mace take cewa ya dawo wurinta. Tana da ɗakin da ba kowa a ciki, a hawa na uku na wani dogon bene, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Shi kuwa Kaka gidansa na ƙasa ne, ɗaki biyu da falo da baranda, sai bishiyar lemon da ya dasa shekarar da aka ba shi shugabancin makaranta. Har yau 'yan layin Hedimasta suke ce masa, har da masu furfurar da shi ya koya musu riƙe fensir.

Washegari muka taru a falonsa. Ni dai an zo da ni ne don in haɗa shayi a tukunya, tunda butar ta tafi.

"Baba, ba shawara na zo nema ba," in ji Gwaggo.

"Ai na sani. Ke tun kina aji biyu ba kya neman shawara."

"Yau buta ce. Gobe fa?"

"Gobe babu buta, sai ku kwantar da hankalinku."

Abba ba ya son a ɗaga murya a gabansa. Ya yi ta juya mukullin mota a hannu, can ya ce ya ji akwai na'urorin da ake sa wa tsofaffi a gida yanzu, su riƙa sanar da 'ya'ya idan wani abu ya faru. Bai san sunansu ba. Sai ya waiwayo ya ganni tsaye da faranti.

"Ga mai digiri nan. Ta bincika mana."

Duk suka juyo. Na yi maza na ajiye farantin.

Gwaggo mace ce da ta yarda da abin da aka auna. Ta ce ta amince, amma da sharaɗi: idan na'ura ta nuna lafiya lau yake zaune, ya ci gaba da zama a gidansa. Idan ta nuna akasin haka, ba musu, ba roƙo, zai koma wurinta.

"Na yarda," in ji Kaka, ya gyara zama. "Ban taɓa faɗuwa a dubawar sufeto ba."

Kullum na taso daga ofis sai in zauna da kwamfuta in yi ta karatu har a kira ni cin abinci. Abin ya fi yadda na zata yawa. Akwai agogon hannu da ke gane mutum ya faɗi, akwai akwatin magani mai ƙara, akwai tabarmar da ake sawa ƙarƙashin katifa. A hotunan talla duk tsofaffin dariya suke yi wa waya a cikin farin kicin, ba wanda ke da bokiti a banɗaki. Na daina kallon hotunan, na koma karanta abin da masu saye suka rubuta a ƙasa. Yawancinsu 'ya'ya mata ne. Wata ta ce uwarta ta cire agogon ta ɗaura wa ƙafar gado. Wata ta ce ubanta ya rufe kyamarar da hula. Daga wurinsu na koyi cewa abin da tsoho bai yarda da shi ba, kayan ado ne kawai.

Don haka duk abin da na gani sai in kai wa Kaka ya gani. Na nuna masa kyamara.

"Ido a ɗakin kwanana? Ko kakarki sai ta ƙwanƙwasa."

Na ari wata sifika mai amsa magana a wurin abokiyar aikina, na kai masa. Ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambaye ta gajiya. Ta ce ba ta gane ba.

"Mayar musu. Abin da ba ya amsa gaisuwa ba zai kwana a gidana ba."

A ƙarshe muka tsaya a kan wasu 'yan fararen na'urori, kowace ba ta fi akwatin ashana ba. Ba sa ɗaukar hoto, ba sa jin magana, motsi kawai suke ganewa: mutum ya shigo ɗaki, mutum ya fita, an buɗe ƙofa, an buɗe firji. Da batir suke aiki. Na haɗa da buta mai kashe kanta, da wani abu da ake ɗaurawa a bututun gas ya rufe idan an manta. Sai manhajar da za ta zauna a wayar Gwaggo da ta Abba da tawa. Kore lafiya, rawaya a kira shi a ji, ja a zo.

Ranar da na je liƙa su, Kaka ya riƙe min kujera ina hawa. Ɗaya a falo saman hoton yaye ɗalibai, ɗaya a kicin, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a lungun banɗaki, ɗaya a baranda, ɗaya a ɗakin littattafansa.

"To Malama Shiru," haka yake kirana tun ina yarinya, "yi min bayani. Yau dai sai kin yi magana."

Na ce masa makonnin farko na'urar ba za ta ce komai ba. Kallo kawai za ta yi, ta koyi yadda yake wuni. Idan ta gama koyo, sai ta riƙa aika wa su Gwaggo rahoto.

"Wato yanzu ne dubawar."

"Koyo dai, Kaka."

"Haka su ma sufetoci suke cewa. Mun zo ne mu ƙaru da ku." Ya ɗaga kai ya kalli ta saman hoton. "Daga yaushe?"

"Daga gobe da safe."

Ya gyaɗa kai. Na yi dariya na sauko daga kujerar, ban sa komai a raina ba.

Makonnin koyo sun yi kyau har abin ya ba mu mamaki. Manhajar tana zana wuni da launuka, kowane ɗaki da nasa, kuma wunin Kaka cike yake taf. Yana kicin, yana ɗakin littattafai, yana baranda, ya dawo falo, ya sake fita. Abba ya riƙa nuna wa abokansa wayar yana cewa tsohon nan ya fi shi zirga-zirga. Ita ma Gwaggo ta turo saƙo mai kalma biyu, "Ba laifi," wanda a bakinta babban yabo ne.

Manhajar ta sanar cewa ta gama koyo. Na kira Kaka na faɗa masa.

"Sun tafi ke nan?"

"Suna nan. Koyon ne ya ƙare."

"Madalla," ya ce, ya sauke wani dogon numfashi.

Washegari rawaya ta fito. Wanshekare ma rawaya. Daga nan sai ja. Saƙon iri ɗaya ne kullum: motsi ya ragu ƙwarai idan aka gwada da yadda aka saba. Gwaggo ta kira shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, rediyo yake ji. Ta je da kanta ta auna jininsa da sukarinsa, ta sa ya matse mata yatsu, ta tambaye shi ranar da ake ciki. Ya faɗa mata, ya ƙara mata da wata da shekara, ya tambaye ta ko tana son ya karanto mata jadawalin lissafi na tara. Ba ta samu komai ba. Wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali. Ta ce wa Abba a waya, ina jin ta daga inda nake zaune, tsohon da ya rage motsi farat ɗaya akwai abin da ke tafe, ta ga irinsu ba adadi, ba za ta jira sai an kawo mata shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ba.

"Sharaɗi muka yi," ta ce. "Kuma na'urar 'yarka ce ta faɗa, ba ni ba."

Ta aika da kwalaye a naɗe, aka jingina su a bayan ƙofar falon Kaka. Ta ce ƙarshen mako za a kwashe kaya.

Na'urar 'yarka. Ni na zaɓe ta, ni na liƙa ta, kuma ita ce za ta fitar da shi daga gidansa.

A ofis aikina shigar da bayanai ne, wuni nake ina kallon layuka, har idona ya saba da gane layin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Lokacin hutun rana, kowa ya fita cin abinci, na buɗe manhajar a babbar kwamfuta na jera duk kwanakin a gefen juna. Kwanakin ja ba su dame ni ba. Na koyon ne suka tsaya min a ido. Sun cika kyau. Launukan a yanke suke daidai wa daida, kamar an sa ma'auni: kicin, sai ɗakin littattafai, sai baranda, kowanne tsawonsa ɗaya. A tsakiyar safiya akwai ɗan gajeren zama a falo, sannan a ci gaba. Ba wanda ke zaman gida haka. Amma na san inda na taɓa ganin wannan zanen. A bangon kowane aji da na zauna akwai irinsa.

Sai na lura da wani abu. A cikin makonnin koyon ma akwai kwanakin da ba su da yanka-yankan nan, falo ne kawai dogo da ɗan kicin a nan da can. Ranakun ƙarshen mako ne. Na dawo kan kwanakin da suka biyo baya. Ja, ja, ja, sai kore biyu a jere. Su ma ƙarshen mako.

Da na tashi aiki ban tafi gida ba, na wuce wurinsa. Na tsaya a shagon tsallaken titi in sayi burodi, don kada in shiga hannu rabbana.

"Jikar Hedimasta," in ji mai shago. "Baƙin naku sun zo kuwa?"

"Waɗanne baƙi?"

"Oho. Ni dai na ga kwanaki yana ta shara, ya share ƙofarsa har ya tsallako ya share tawa. Da takalmi sau-ciki fa, an goge yana ƙyalli. Na ce Hedimasta ina zuwa, ya ce yana bakin aiki." Ya miƙo min burodin. "Yanzu kuwa ya dawo daidai. Ya fito baranda da yamma mu yi musun ƙwallo, ya koma."

"Haka ya saba?"

"Shekara da shekaru."

Tun daga bakin ƙofa na ji warin man zafi. Kaka yana kujerarsa kusa da taga, ƙafarsa ta dama a miƙe a kan ƙaramin tebur. Da ya ganni ya yi saurin sauke ta, ya ja wando ya rufe. Amma na riga na ga gwiwar. Ta kumbura har tana sheƙi.

"A'a, amaryata ce da kanta? An zo taya ni ɗaure kaya?"

Na zauna a ƙasa kusa da kujerar, na buɗe wayar na nuna masa. Na sa yatsa a kan gajeren zaman tsakiyar safiya.

"Kaka, wannan fita tara ce?"

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga gefen bakinsa yana motsi.

"Yara ma ana ba su hutu su ci abinci."

"Da agogo kake canja ɗaki?"

"Da me za a canja?" Ya cire tabarau. "Ke ba ki san aikin ba. Idan sufeto zai zo, ana yanke ciyawa, ana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Malamin da ya fi iya darasi shi ake sawa a ajin farko. Yaron da ba shi da takalmi a aro masa. Ba ƙarya ba ce, girmama baƙo ne. Shi ma sufeton ya sani, don shi ma malami ne kafin a ɗaga shi. Ya gani, ya rubuta, ya tafi, kowa ya koma yadda yake."

"Ƙarshen mako fa?"

"Wane sufeto ne ke aiki a ƙarshen mako?"

Na yi masa bayani a hankali. Wannan sufeton bai taɓa zama malami ba, bai san ana aro takalmi ba. Abin da ya gani a makonnin nan shi ya ɗauka shi ne Kaka. Yanzu kullum da wancan mutumin yake gwada shi, yana ganin ya gaza.

"Wato da kaina take gwada ni."

"Da kai na ranar dubawa."

"Kai! Wannan mutumin ai ko ni ba na iya bin sa." Ya shafa gwiwar. "Ga abin da ya bar min."

Rediyo tana magana ƙasa-ƙasa. Can ya ce to sai ya koma kan jadawalin, ko da rabi ne, har Gwaggo ta huce. Na kalli gwiwar, shi ma ya kalle ta, maganar ta mutu a nan.

"Sai dai a faɗa mata," na ce.

"A faɗa mata me? Cewa ubanta wuni yake a kujera? Cewa zuwa kicin ma sai ya yi shawara da ƙafarsa?" Idonsa ya tafi wajen ƙofar ɗakin kwana ya dawo. "Gara ta ce na'ura ta kama ni da ta san wannan. Ke dai kin iya shiru. Yi abin da kika iya."

Kafin in tafi na shiga ɗakin kwana in duba batir. A saman kabad ɗin kaya, bayan tsohuwar akwati, na hango marikin sanda ya leƙo. Ban taɓa ganin Kaka da sanda ba. Ban taɓa ta ba, na fito na yi masa sallama.

Ranar kwashe kaya Gwaggo ta iso da hantsi da salatif da almakashi. Abba ya biyo ta yana tafiya kamar wanda aka aiko. Kaka ya yi wanka ya sa kaya masu guga, yana zaune a miƙe. Ba wanda ya yi doguwar gaisuwa. Gwaggo ta buɗe kwali na farko, ta manne gindinsa, ta fara sauke littattafai.

"Waɗannan duk ba za su shiga ɗakin ba, Baba. Ka zaɓa."

"Zaɓa min. Ke ce mai shawara."

Ina tsaye a bakin kicin da waya a hannu. A gidanmu ba a katse Gwaggo. Ni kuwa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Ta cika kwalin, ta ja salatif, ƙararsa ta cika falon. Ta miƙa hannu za ta sauke hoton yaye ɗalibai.

"Gwaggo."

Ba ta ji ba.

"Gwaggo!"

Har Abba sai da ya zabura. Na matsa na miƙa mata wayar, don na san bakina ba zai kai ni ba. "Ki duba ranakun da ta yi kore," na ce. "Ki duba ko waɗanne ranaku ne."

Ta karɓa tana ɗaure fuska. Ta matsar da wayar nesa da ido, ta ja da yatsa sama, ta ja ƙasa. Ta iya karanta irin wannan zanen fiye da ni. Na ga lokacin da ta gane. Ta koma kan makonnin koyo, ta daɗe a wurin.

"Wace cuta ce take hutun ƙarshen mako?" ta ce. Ta juya. "Baba. Mene ne wannan?"

Kaka bai kalle ta ba, ni ya kalla. Na sunkuyar da kai. Ban faɗi abin da ya ce kada in faɗa ba, amma na buɗe ƙofar, kuma mu biyu mun san haka.

"Jadawali ne," in ji Abba, ya leƙo ta kafaɗarta. Dariya ta so ƙwace masa, ya mayar da ita tari. "Yaya, wallahi jadawali ne. Har da tara."

"Wato wasa ka yi mana da hankali. Ni ina can ba na iya cin abinci."

"Dubawa aka ce," in ji Kaka.

"To in waccan ta ƙarya ce, ta gaskiyar ita ce wannan? Falo tun safe har yamma? Tun yaushe kake haka?"

Kaka ya dafa hannun kujera kamar zai tashi, ya fasa.

"Malama Shiru," ya ce, "tunda yau bakinki ya buɗe, ƙarasa aikin. Na san kin gan ta. Ɗauko min."

Na hau kujera na sauko da sandar. Ta ƙarfe ce mara nauyi, marikinta ya yi santsi. Na nufi Kaka da ita, Gwaggo ta tare ta karɓa. Ba marikin ta duba ba, juya ta ta yi ta kalli robar gindin. Gefe ɗaya ya cinye har ƙarfe ya kusa fitowa.

"Wannan ba ta bana ba ce," ta ce.

"Uwarku ta saya min. Idan na ji motarki sai in jefa ta sama."

"Saman kabad? Da wannan ƙafar kake miƙewa kana jifa?"

"Ina da saiti."

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a gabansa, ta naɗe ƙafar wandon ba tare da ta nemi izini ba, ta danna gefen gwiwar da yatsu biyu. Ya ja iska ta haƙori.

"Ka ga abin da nake faɗa," ta ce, muryarta ta sauka. "Wannan ai ni ya ƙara wa hujja, Baba."

"Kumburin na sufeto ne, zai sauka. Sauran kuwa haka nake tun uwarku tana raye. Ban fi bara lalacewa ba. Ina dafa abin da zan ci, ina wanka, ina fita baranda in zagi ƙungiyar mai shago. A hankali nake yi, amma ina yi. Ku ne dai ba ku sani ba, don ban bari kun sani ba."

Abba ya daina juya mukulli. "Yaya," ya ce, "lif ɗin gidanku an gyara?"

Duk mun san lif ɗin, ya fi daɗewa a lalace a kan yana aiki. Gwaggo ta kalli sandar da ke kwance a ƙasa. Ita ce ke sallamar tsofaffi daga asibiti, ta san tambayar farko da ake yi wa 'ya'yan mai sanda: a hawa na nawa yake zaune? Ta kuma san yadda waɗanda ke sama suke dawowa bayan wata shida, ƙafa ta bushe don ba a fita.

Ta miƙe ta zauna a kan kwalin da ta cika.

"Ke," ta ce da ni. "Ana iya sa na'urar ta sake koyo?"

Na ce ana iya.

"To za a sake. Sharaɗin yana nan yadda yake. Amma sai an sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Gwiwar nan likita zai gani. Sanda kuma a hannu, in na sake ganinta a saman kabad, da ita zan kora ka mota." Ta nuna bayan ƙofa. "Kwalayena kuma suna nan."

"Na ji," in ji Kaka. "Ni ma ina da nawa sharaɗin. Kada a faɗa min ranar da za a fara."

"Don me?"

"Don na san halina. In na sani, sai na goge takalmi." Na ɗauko sandar na miƙa masa, ya ɗora a cinya. "Lokacin da nake zagaya azuzuwa ban taɓa faɗa wa malami yaushe zan leƙo ba. Malama Shiru kaɗai za ta sani, ita kuwa ko an matse ta ba ta magana."

"Yau dai ta yi," in ji Abba.

Aka sa ƙarfen a banɗaki. Likita ya zuƙe ruwa a gwiwar, ya canja robar sandar. Na bari kumburin ya sauka, sannan wata rana a ofis, tsakanin layi da layi, na danna a sake koyo, na ci gaba da aikina.

Bayan 'yan kwanaki na biya da la'asar. Ƙofar a buɗe take, ganyen lemo ya taru a baranda ba a share ba. Kaka yana kujerarsa da singileti, baki a ɗan buɗe, rediyo tana yi wa kanta magana. Kofin safe yana kan tebur, sanda tana jingine da gwiwarsa. Na taka a hankali zan wuce kicin. Ya buɗe ido ɗaya.

"An fara?"

"Ban sani ba."

"Maƙaryaciya," ya ce, ya mayar da idon ya rufe.

Da manhajar ta gama koyo ban faɗa wa kowa ba. Kore ta fito, ta zauna. Wunin Kaka a zane ba shi da kyan gani: dogon falo, ɗan kicin, ɗan banɗaki, baranda da yamma. Amma yau kamar jiya, jiya kamar shekaranjiya. Sau ɗaya ta yi rawaya, Gwaggo ta kira a rikice, ashe ya tsallaka shago ne musu ya yi tsawo.

Wata safiya tana kan hanyar asibiti ta kira ni.

"Ke, abin nan naki bai mutu ba kuwa? Na daɗe ban ji ɗuriyarsa ba."

Na ce yana aiki, ba shi da abin faɗa ne.

"Hm. Ya yi gadonki." Na ji tana danna hon. "In kin je wurin Baba, ki zazzage littattafan nan ki mayar masa kan kanta. Ki naɗe min kwalayena. Wata abokiyar aikina za ta tashi daga gida, tana nema."